Ofisoshin mu'aƙƙib a Jidda da Makka: me kuɗin "cire hurub" ke saya?

A kowace unguwa da Hausawa ke da yawa a Jidda da Makka ba a rasa ɗan shago mai allon "khadamat amma" a bakin ƙofa. A ciki tebur biyu ne, da kwamfuta, da injin fotokwafi, da kujerun roba, sai mutumin da kowa ke ce wa mu'aƙƙib. Asalin aikinsa bin takardu ne: sabunta igama (katin izinin zama), canjin sana'a, naƙalin kafala (komawa hannun wani mai aiki), bizar fita da dawowa. A doka wannan sana'a ta 'yan ƙasa ce kaɗai, shi ya sa lasisin yakan kasance da sunan ɗan Saudiyya. Amma wanda zai tarbe ka da "sannu da zuwa, ɗan'uwa" galibi namu ne, dillali mai kawo kwastoma ya karɓi la'adarsa. Cikin hajojin da ake tallatawa a shagunan nan babu mai tsadar "cire hurub", wato goge rahoton cewa ma'aikaci ya gudu daga aiki, ita muka ɗora a sikeli. Akwai aikin da ya cancanci a biya mu'aƙƙib a kansa, kuma kusan dukansa yana cikin kwana 60 na farko bayan an shigar da rahoton. Abin da ake sayarwa bayan nan, wani iska ne, wani kuma hanyar gidan yari ce.

Hurub ba hukuncin alƙali ba ne. Rahoto ne da kafili, wato mai aikin da ya tsaya wa baƙo, ke shigarwa daga wayarsa cewa ma'aikacinsa ya daina zuwa aiki. Ba a kiran ma'aikacin a ji ta bakinsa kafin rahoton ya hau. Dokar ƙwadago, a sashe na 80, ta ba mai aiki damar sallamar wanda ya yi fashin fiye da kwana 15 a jere ba uzuri, ko fiye da kwana 30 a warwatse cikin shekara, bisa sharaɗin a rubuta masa gargaɗi tukuna. Sashe na 81 kuma ya ba ma'aikaci damar barin aiki ba sanarwa idan an saɓa masa manyan sharuɗɗan kwantiragi, ko an yaudare shi, ko an ci zarafinsa. Mai aiki yana da maɓallin da zai latsa. Shi ma'aikaci sai ya kai ƙara ya jira. Daga wannan rashin daidaito duk cinikin ya samo asali.

Tun Oktoban 2022 Ma'aikatar Ƙwadago ta sauya tsarin ga ma'aikatan kamfanoni. Idan kafili ya shigar da rahoto, sunan ma'aikaci ba ya komawa "mutagayyib", wato wanda ya ɓace daga aiki, nan take. Yakan fara zama "munƙaɗi'", wato wanda alaƙarsa da wurin aiki ta yanke, a ba shi kwana 60 ya koma hannun wani kafili ko ya karɓi bizar fita ta dindindin. In kwanakin suka cika bai yi ko ɗaya ba, sannan ne sunan da mutane ke ce wa hurub ya tabbata. Masu aikin gida nasu ya zo a 2024 ta manhajar Musaned, kuma ya fi tsauri: wadda ba ta cika shekara biyu da shigowa ba, fita kawai aka yarje mata cikin kwana 60. Wadda ta haura shekara biyu tana da zaɓin sauya gida ko fita. Mai gida kuma yana iya janye rahotonsa cikin kwana 15 da shigar da shi.

Gwajin farko da ake yi wa ofishi shi ne yadda yake duba matsayin mutum. Aikin minti biyu ne, kuma kyauta ne a shafin ma'aikatar: a zaɓi binciken ma'aikaci baƙo, a sa lambar igama ko lambar hudud da aka rubuta a fasfo ranar shigowa, a kwafe lambobin tantancewa, amsa ta fito. Ofishi na ƙwarai yakan juyo maka da fuskar kwamfutar ka gani da idonka, ya karanta maka kalmar da ke rubuce, ya nemo ranar da aka shigar da rahoton, ya ƙirga maka kwanakin da suka rage a takarda. Na banza yakan leƙa shi kaɗai, ya girgiza kai, ya ce, "Kai, Malam, naka ya yi nisa, sai dai a bi ta ciki." Mutane da dama suna shiga shagon nan da sauran kwana 40 ko 30 a hannunsu, su fito da yaƙinin cewa sun riga sun zama masu laifi. Saƙon gargaɗin da zai sanar da su gaskiya yana zuwa ne a lambar wayar da aka yi rajistar manhajar hukuma ta Absher da ita, ita kuwa lambar sau da yawa tana hannun kafili ko ejan da ya kawo su.

Dalilin da ya sa mutum ke biyan duk abin da aka yanka masa yana cikin abin da sunan ke yi wa rayuwarsa. Igama ba za ta sabuntu ba. Da ta mutu banki zai daskarar da asusu. Layin waya da ke rataye da ita yana iya yankewa. Inshorar lafiya ta tsaya, ba a yin kwantiragin haya a Ejar, shafin rajistar haya na hukuma, rajistar yara a makaranta ta gagara, tura kuɗi gida ta banki ya ƙare. Ba a kama shi da komai ba, amma duk ƙofar halal ta rufe a wata guda. Sai ya nemi layi da sunan wani, ya kama ɗaki a hannun wanda ba ya tambayar takarda, ya aika kuɗi ta hannun 'yan canji na bayan fage, ya yi aikin yini a gini ko wankin mota. Kowane ɗaya cikin waɗannan laifi ne mai zaman kansa. Baƙon da aka samu yana aiki don kansa tararsa riyal 10,000 ce da kora a karon farko, 25,000 da ɗaurin wata ɗaya a na biyu, 50,000 da wata shida a na uku. Wanda ya ba shi aiki ko masauki yana fuskantar tarar da ta kai riyal 100,000 da ɗaurin wata shida. Saboda haka mutanen kirki da ke da abin asara sukan janye jiki, waɗanda ke buɗe masa ƙofa sai waɗanda dama suna harka a duhu.

Masana zamantakewa sun daɗe da lura da wannan. Edwin Lemert na Amurka ya raba kauce wa doka gida biyu tun 1951: wanda mutum ya yi kafin a san shi da shi, da wanda yake yi daga baya domin ya iya rayuwa da sunan da aka laƙaba masa. Howard Becker a 1963 ya ja hankali ga masu kafa ƙa'ida da masu zaɓen wanda za a ɗora wa ita, ya nuna aiki iri ɗaya yana zama laifi a kan wani, ya wuce salin-alin a kan wani. Hurub misali ne da ake iya gani da kwanan wata. Direbobi biyu sun bar aiki saboda an riƙe musu albashin wata huɗu. Ɗaya kafilinsa bai damu ya latsa komai ba, ɗaya nasa ya latsa. Bayan shekara guda na farko yana da asusun banki da sabon wurin aiki, na biyu yana kwana a soron wani yana gudun motar sintiri, kuma in an caka masa wuƙa ba zai je ofishin 'yan sanda ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi wa unguwa illa, domin ɓarawo da mai fyaɗe da macucin ɗan kwangila duk sun san wa za su taɓa ba a kai ƙara ba.

Ba kowane mai hurub ne aka zalunta ba, kada a ji mu ba daidai ba. Akwai wanda tun daga Kano ko Zinder ejan ya tsara masa ya yi wata uku ya gudu, wai aikin waje ya fi kuɗi, kuma mai gidan da ya kashe dubban riyal wajen ɗauko shi yana da haƙƙi. Abin lura shi ne tsarin bai bambance wannan da wadda ta tsere daga duka. Kalma ɗaya ce ke fitowa a gaban sunayensu, farashi ɗaya kuma dillali ke yanka musu.

To, me ake yi da dubban riyal ɗin da ake karɓa da sunan bi ta ciki? Hanya uku kuɗin ke bi. Ta farko, dillali ya je wa tsohon kafili da wani kaso ya roƙe shi ya janye rahoton. Wannan yana aiki ne kawai in ƙofar janyewa ba ta rufe ba, kuma abu ne da dattijon unguwa ko limami zai iya yi ba ko sisi. Yana kuma koya wa wasu kafilai cewa rahoton kansa sana'a ce. Ta biyu, a karɓi rabin kuɗi da fasfo, a yi ta "in sha Allahu mako mai zuwa" har kwana 60 su ƙare, sannan lambar dillali ta daina shiga. Wanda aka cuta ba ya iya kai ƙara, dillali kuwa da saninsa ya zaɓe shi. Ta uku ita ce mafi muni: a kawo maka takarda da aka buga mai nuna matsayinka ya gyaru, ko katin igama mai hotonka da lambar wani. A shingen bincike ba takarda ake dubawa ba, yatsa ake ɗorawa a na'ura, basma kuma ba ta san dillali ba. Jabun takardar hukuma hukuncinsa ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar ne da tarar da ta kai riyal 500,000. In kuwa da gaske an ba wani jami'i kuɗi, dokar cin hanci ta haɗa mai bayarwa da ɗan tsakiya da mai karɓa, hukuncin yana kaiwa shekara goma da riyal miliyan ɗaya. Mutumin da matsalarsa a jiya ta tsaya ga tara da jirgin komawa gida, yau ya zama mai shari'ar laifi. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama, shagon kuwa ya san da haka.

Inda mu'aƙƙib ke cin halal ɗinsa shi ne naƙalin kafala a cikin wa'adi. Matakan a Qiwa, shafin Ma'aikatar Ƙwadago, ba su da yawa, amma kowanne yana da ramin da ake faɗawa. Sabon kamfani ne ke tura buƙata da tayin kwantiragi, ma'aikaci ya shiga asusunsa ya amince, a biya kuɗin naƙali, a kammala a ɓangaren jawazat, wato hukumar shige da fice. Kuɗin hukuma riyal 2,000 ne a naƙali na farko, 4,000 a na biyu, 6,000 daga na uku, kuma sashe na 40 ya ɗora shi a kan sabon mai aiki, kamar yadda ya ɗora kuɗin igama da na ruksar aiki, wato izinin aiki, a kan kamfani. Igama riyal 650 ce a shekara, harajin ruksa kuma 700 ko 800 a wata, gwargwadon yawan 'yan ƙasa a kamfanin. A zahiri dai sau da yawa ma'aikaci ake tatsa, amma sanin adadin yana hana a ninka masa. Gwanin mu'aƙƙib yakan fara duba launin kamfanin a Niɗaƙat, tsarin da ke ba kamfanoni launi gwargwadon 'yan ƙasan da suka ɗauka, kafin komai, domin kamfanin da ke ja ba zai iya ɗaukar kowa ba, buƙatarsa za ta dawo ne bayan an ɓata kwanaki. Yakan duba ko sana'ar da ke kan igama tana cikin waɗanda aka keɓe wa 'yan ƙasa, ya duba ranar mutuwar fasfo, ya tambayi ko akwai bashin ruksa da ya taru da wanda zai ɗauke shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ma'aikaci ba ya iya shiga asusunsa ya amince, saboda lambar sirri tana zuwa a wayar da ba ta hannunsa. Sauya lambar ya kamata ya zama aikin ranar farko.

A nan ma akwai tarko. Wasu ofisoshin suna haɗa mutum da kamfanin takarda, wanda ba shi da aiki sai sayar da kafala: ka biya wata-wata, ka je ka nemi abincinka. Wannan shi ake kira biza hurra, kuma babu ita a doka. Sunanka ya fita daga hurub, amma kana aiki a wurin wanda ba kafilinka ba, ranar da ka makara da kuɗin wata kuma sabon kafili ya latsa maɓallin da tsohon ya latsa.

Aiki na biyu da ya cancanci kuɗi shi ne rubuta ƙara. Manhajojin ba sa jin Hausa, kuma Larabcin kasuwa daban yake da na takarda. Ana shigar da ƙarar albashi ta sulhun da ake kira taswiya waddiyya, wanda ke da kwanakin aiki 21, in ba a daidaita ba a tura kotun ƙwadago. Haƙƙin ƙara yana faɗuwa bayan wata 12 da yankewar alaƙar aiki. Mai rubutu na ƙwarai ba ya cika takarda da kuka. Yakan jera watannin da ba a biya ba da adadinsu, ya haɗa bayanan banki da ke nuna wata na ƙarshe da kuɗi ya shiga, da kwafin kwantiragi, da hoton saƙonnin WhatsApp masu kwanan wata, da rahoton asibiti in ciwo ne ya hana zuwa aiki. In ana son a tabbatar rahoton kafili na ƙeta ne, babu hujjar da ta kai ƙarar da aka shigar kafin ranar rahoton. Shi ya sa shawarar da ta fi kowace daraja, wadda ofisoshi ƙalilan ke bayarwa don babu riba a cikinta, ita ce a kai ƙara ko a kira 19911 tun ana wurin aiki, kafin a ɗauki jaka. Wanda aka riƙe wa albashin wata uku a jere yana da damar sauya kafili ba da yardar na farko ba. Mutane da yawa sun gudu daga wurin da doka ta riga ta ba su izinin bari ta ƙofar gaba.

Mata masu aikatau su ne suka fi shan wuya a hannun shagunan nan. Gyaran da aka fara aiki da shi a ranar 14 ga Maris 2021, wanda ya sauƙaƙa sauya wurin aiki da fita ƙasa, bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. Kafin Oktoban 2024 ƙararsu ma ba hanyar ma'aikatan kamfani take bi ba, tana da nata sashen a ma'aikatar. Ofishin da ya shigar da ita a inda ba nan ba ya ci kuɗi ya kuma ci kwanaki. Sannan akwai abin da ake haɗawa da rahoton: ƙarar sata. Zobe ko waya ta ɓace ranar da shagala, wato mai aikatau, ta fita. Ko gaskiya ne ko ƙarya, sunanta ya shiga cikin waɗanda ake nema, kuma ko ta miƙa kanta ba za ta hau jirgi ba sai an warware wannan. Duk mu'aƙƙibin da ya ce, "Hajiya, wannan ƙaramin abu ne, bar mini," ba tare da ya tura ta wurin lauya ko ƙaramin ofishin jakadanci ba, bai san aikinsa ba ko kuma ya sani sarai. A Mayun 2025 an buɗe wa'adin wata shida ta Musaned domin masu aikin gida da ke da tsohon rahoto su koma hannun sabon mai gida. Irin wannan wa'adi sanarwar hukuma ce ga kowa, ba alfarmar wani shago ba, ko da yake in ya zo dillalai sukan sayar da shi kamar su suka nemo.

Ga wanda ya shigo da bizar Umara ko ta ziyara ya zarce, magana gajeruwa ce: babu ofishin da ke mai da ita igama. Hukuncin zarcewa yana kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata shida da kora. Abin da ya rage shi ne takardar tafiya ta gaggawa daga ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa a Jidda in fasfo ya ɓace ko ya mutu, sai tarhil, wato kora daga ƙasa, wanda ga mutanen yankin nan yake nufin Shumaisi a kan hanyar Jidda zuwa Makka, da basma, da hana dawowa. Afuwar gama-gari irin ta 2013 da ta 2017, wadda aka fita ba tara, sai hukuma ta ga dama.

Sunan ba a kwamfuta kaɗai yake ba. Hausawa sun yi ƙarnoni suna zuwa Hijaz, da yawa a ƙafa ta Sudan, kuma jikokinsu 'yan ƙasa ne masu sunan Hausawi da Fallata da Barnawi. Osama Hawsawi ne ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Duk da haka baƙar fata a Shara Mansur da ke Makka ya fi wani saurin jin "ina igama?", kuma bayan rusau ɗin da aka yi a unguwannin Jidda irin su Sabil da Karantina da Gulail daga ƙarshen 2021, masu haya da dama sun tarar da masu gidaje na ɗari-ɗari da duk wanda ya ce daga can ya taso. Mu ma muna da namu hannun. Wadda aka sauke a filin jirgin Malam Aminu Kano daga tarhil "Takari" ce har abada a bakin unguwa, ana yi mata kallon wadda ta yi bara ko abin da ya fi bara, ko da shekara goma ta yi tana goge-goge a gidan mutane. Neman aure da neman jari duk sukan yi mata wuya, sai ta fara neman hanyar komawa da wani fasfo da wani suna, ejan kuma yana nan yana jira.

Wanda dole ta kai shi shagon mu'aƙƙib, ya fara da duba lasisi da lambar rajistar kasuwanci a bango, ya yi magana da mai teburin ba da dillalin bakin ƙofa ba. Kuɗin hukuma ana biyansa ne ta banki ko tsarin biyan kuɗi na Sadad a kan lambar igama, kuma yana bayyana a Absher, don haka babu dalilin miƙa shi a hannu. Ladan ofishi a raba shi biyu, rabi bayan matsayin ya sauya a shafin ma'aikatar da ka buɗe da wayarka, ba a takardar da aka buga maka ba. A karɓi rasit mai hatimi da ya faɗi aikin da sunansa. Fasfo na asali ba ya kwana a shago, kwafi ya isa ga duk matakan da aka ambata a sama. Kalmar sirrin Absher da lambar da manhajar tantance mutum ta Nafath ke nunawa kuwa, in aiki ya buƙace su, kai za ka shigar da su da hannunka kana zaune a wurin, ka fita daga asusun kafin ka tashi. Da su ake buɗe layin waya da asusun banki da sunan mutum bai sani ba, kuma in aka yi damfara da layin, sunan da ke kansa ake nema.